Me ya sa gonar nan ta yi araha? Fashin baƙi kan neman filin karkara da tallarsa

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta zube bayan haka, mai ɗan abin hannu ya daina yarda ya bar kuɗinsa kwance a banki. Fuloti a cikin birnin Kano ko Kaduna ya fi ƙarfin ma'aikacin albashi, don haka ido ya koma ƙauye: hanyar Gwarzo, hanyar Ɗanbatta, Gezawa, Dawakin Kudu, Kura, ko bayan Millennium City da Maraban Jos ga mutanen Kaduna. Dillalai ma sun bi sahu. Wanda jiya haya yake nema wa mutane a Sabon Gari, yau shi ne ke turo hoton gona a WhatsApp da rubutun "eka biyu, bakin titi, takardu lafiya lau, mai ita kuɗi yake buƙata da gaggawa".

Babu laifi a neman araha. Sai dai ƙasa ba ta yin araha haka kawai. Ko dai wurin ya yi nisa, ko babu hanyar mota, ko ruwa na kwanciya, ko akwai rigimar gado, ko gwamnati ta riga ta ɗora ido a kai, ko 'yan bindiga sun hana noma, ko kuma mai ita ne ya shiga matsi. Wasu daga cikin dalilan nan lokaci na warkar da su, kamar nisa da rashin hanya. Wasu kuɗi na gyara su. Wasu kuwa ba su da magani. Duk aikin mai saye, da na dillalin da ya san sana'arsa, ya tattaru ne a kan gano wane dalili ne ya karya farashin wannan gonar da ke gabansa.

Me ake saye tukuna?

Mutane da yawa na cewa "na sayi fili" ba tare da sanin cewa a idon doka ba ƙasar suka saya ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa shi ne haƙƙin zama da amfani. Ga Arewa wannan ba baƙon tsari ba ne, domin Turawa sun yi irinsa tun 1910, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta sabunta shi a dokar 1962. An kuma cusa dokar 1978 cikin tsarin mulkin 1999, shi ya sa gyara ta ke da wuya.

Dokar ta raba ƙasa biyu. Ta birni tana ƙarƙashin gwamna kai tsaye, shi ke ba da satifiket ɗin da aka fi sani da C of O, galibi na shekara 99. Ta karkara tana ƙarƙashin ƙaramar hukuma, wadda ke iya ba da haƙƙin mallaka na gargajiya har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo ba tare da neman izinin gwamna ba. Amma gwamna ne ke da ikon ayyana ko ina a matsayin birni. Ƙauyen da kake gani da rumbuna da garken shanu, in yana gefen babban gari, mai yiwuwa a takarda ya daɗe da zama birni. In haka ne, takardar ƙaramar hukuma ba za ta yi maka amfanin da kake zato ba.

Akwai kuma batun izini. Mai satifiket ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna. Mai haƙƙin gargajiya kuma sai da amincewar ƙaramar hukuma. Kotun Ƙoli ta nuna wannan ba wasa ba ne a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda jinginar da aka yi ba da izinin gwamna ba ta rushe. Sashe na 36 na dokar ma ya fi tsauri: gonar karkara da mutum ke nomawa tun kafin 1978, dokar ta ce ba a yanka ta fuloti-fuloti, ba a kuma miƙa ta ga wani. A aikace kowa ya san kullum ana yi, da sa hannun masu unguwanni da dagatai. Wannan tazarar da ke tsakanin abin da doka ta rubuta da abin da jama'a ke yi ita ce ramin da yawancin masu sayen gonar ƙauye ke faɗawa.

Takardar dagaci tana da amfani, kada a raina ta. Ita ce shaidar cewa mutanen gari sun san da cinikin, kuma ranar da rigima ta tashi a kotun shari'a ita za a fara tambaya. Amma dagaci ba ya ba da ƙasa, shaida kawai yake yi. Wanda ya sayi gona mai girma ya tsaya a kan wannan takarda kaɗai, bai kai ta ƙaramar hukuma ba, bai leƙa hukumar adana bayanan filaye ta jiha, wato KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, ya duba ko wurin na cikin wani tsari na gwamnati ba, ya yi rabin aiki ne. A Abuja kuwa lamarin daban yake ɗungurungum. Ƙasar Babban Birnin Tarayya ta gwamnatin tarayya ce, ministan Abuja ne kaɗai ke rabawa, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a 2008 cewa babu haƙƙin gargajiya a can. Filin da wani basarake ya sayar maka a Kuje ko Kwali, komai kyawun hatimin da ke jikin takardar, yana iya tashi ranar da katafila ta zo. Shi ya sa masu wayo ke tsallakawa Karu da Keffi a jihar Nasarawa, inda ake bincike a NAGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar.

Inda ake samo gonar

Gonar da ta kai shafin Facebook ta riga ta bi ta hannu uku ko huɗu, kowa ya ɗora nasa. Ta asali a ƙauye ake jin labarinta: a kasuwar mako, a majalisar bakin masallaci bayan la'asar, wurin mai shayi, ko bakin mai sayar da taki da ya san wanda bashi ya yi wa katutu. Manomi ba ya son a ji yana sayar da gonar ubansa, abin kunya ne, saboda haka a asirce yake gaya wa mutum ɗaya ko biyu. Dillalin birni da ba shi da amintaccen ɗan gari ba zai taɓa jin irin wannan da wuri ba.

Lokaci ma na da tasiri. Gonaki sun fi fitowa idan an yi rasuwa za a raba gado, idan aurar da 'ya ya matso, idan ana haɗa kuɗin kujerar Hajji, ko gab da faɗuwar damina lokacin da mutum ke neman kuɗin taki. A nan akwai abin da ya kamata a faɗa ƙarara: samun araha daban, cin gumin wanda ya shiga uku daban. Mutumin da aka karya wa farashi saboda ɗansa na kwance a asibiti ba ya mantawa, danginsa ma ba sa mantawa, kuma su ne za su zama maƙwabtan gonarka.

Duba gona kuwa ba a yin sa sau ɗaya. A je a watan Agusta a ga inda ruwa ke kwanciya da ko mota na iya shiga. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2022 ta shanye gonaki a Ringim da Auyo da Haɗeja ba zai sayi fili a kwari da ganin rani kaɗai ba. A koma a watan Maris a leƙa rijiyoyin da ke kusa, a tambayi gaba nawa ake haƙawa kafin a tarar da ruwa. Ƙasar ma tana ba da labarin kanta. Inda gawo ya yawaita galibi akwai albarka, domin yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, dabbobi kuma su yi ta kwanciya a inuwarsa da rani suna barin taki. Inda ƙuduji ya rufe dawa da jan furensa, ƙasar ta gaji. Fadama ta fi tudu tsada ga manomi, amma ga mai niyyar gini ita ce mafi muni.

Sai zagayen iyaka, wanda a ganina shi ne mafi muhimmancin sa'a guda a duk cinikin. Ba a yin sa da mai gona shi kaɗai. Ana kiran maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, da wakilin mai unguwa, a taka da ƙafa. Iyakar gonar ƙauye ba siminti ba ce: layin gamba ne ko jema, ko bini-da-zugu, ko wata tsohuwar tsamiya, ko ɗan kwarin da ruwa ya yanka. Za a zo wata kusurwa wani dattijo ya tsaya, ya dafa sanda, ya ce:

"A'a, Malam, ba nan ba ne. Iyakar mahaifinka a wancan kututturen take."

Mai gona ya ce, "Haba Baba, ai tun ina yaro nan muke tsayawa da huɗa."

"Kuna tsayawa dai, don yayana ya ara muku. Je ka tambayi Mai Unguwa."

Wannan 'yar gardamar ta taku goma, in ba a yi ta yau ba, za a yi ta bayan shekara biyar a gaban alƙali, lokacin da ka riga ka kewaye wurin da bulo. In an daidaita, sai safiyo mai rajista ya auna, ya kafa turakun siminti, ya fitar da taswira mai lambobin wurin. 

Gado, jingina da itatuwa

Yawancin gonakin da ke fitowa da araha na gado ne, kuma mafi yawan shari'o'in fili daga nan suke tasowa. Babban wa ya saba shi ke noma gonar, shi ke magana, sai ya ɗauka shi ke da ikon sayarwa. Alhali akwai ƙanne mata da ke gidajen aure a wasu garuruwa, akwai ƙanin da ya tafi Legas ko Kurmi neman kuɗi, akwai marayun wani ɗan'uwa da ya rasu. Kowannensu na da rabo. Tambayar farko ita ce: an raba gadon? Wa ya raba, kotu ko malamai, kuma ina takardar? In ba a raba ba, sai kowane magaji ya sa hannu, mata da maza, ba wai wani ya ce "na yi magana da su" ba.

A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a na Arewa ke bi akwai haƙƙin shufu'a: idan abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran na da ikon biyan kuɗin da aka saya su karɓe. Wanda ke gari ya kuma sani, haƙƙinsa na faɗuwa bayan shekara. Wanda ba ya nan kuwa yana nan a kan haƙƙinsa ko da tafiyarsa ta daɗe. Wato kana iya wayar gari wani ya dawo daga ci-rani ya mayar maka da kuɗinka na shekarun baya, bayan naira ta zube, ya karɓi gonar.

A bincika kuma ko gonar na hannun jingina, domin wanda ka tarar yana nomawa ba lallai shi ne mai ita ba, kuma wanda ya ba da kuɗi ya riƙe ta ba zai fita ba sai an biya shi. Haka itatuwa: a al'adar ƙasar Hausa ɗorawa ko kaɗanya ko giginya na iya zama mallakar wani daban da mai ƙasar. A rubuta a takardar ciniki ko sun shiga ko ba su shiga ba.

Burtali, waya da bututu

Wata arahar kuma daga abin da ya ratsa gonar take. Burtali hanyar shanu ce da aka sani tun kaka da kakanni, wasu wuraren kiwon kuma doka ta keɓe su tun 1965. Manomi na iya cinye burtali kaɗan-kaɗan har ya zama kamar gonarsa, amma makiyayi bai manta hanyarsa ba. Babbar wayar lantarki mai ƙarfin 330kV tana da faɗin mita 50 da ba a gini a ciki, mai 132kV kuma mita 30. Titin gwamnatin tarayya na da mita 45.72 daga tsakiyarsa ta kowane gefe. Filin "bakin titi" da ake yi wa kirari, sau da yawa gabansa duka na cikin wannan awon.

Manyan ayyuka su ne ke tayar da farashin ƙauye, su ne kuma dillalai suka fi talla da su. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano (AKK) mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar a 2020, layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da aka aza harsashinsa a 2021, wanda ya bi ta Ɗanbatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki da aka buɗe a Janairun 2023: duk sun motsa kasuwar fili a inda suka bi. Wanda ya ga yadda sabon mazaunin Jami'ar Bayero ya mayar da gonakin hanyar Gwarzo unguwanni ya san abin na faruwa da gaske. Amma kusa da aiki daban, kan hanyar aiki daban. In gwamnati ta karɓi ƙasa don amfanin jama'a, dokar 1978 ta ce diyyar abin da ke kan ƙasar ake biya, wato gini da amfanin gona da itatuwa, ba kuɗin da ka sayi filin ba. Mai sayen fili fayau da fatan "za a biya diyya" yana iya tashi da kuɗin bishiyar mangwaro biyu. Layin dogo kuma ba ya ƙara wa fili daraja sai kusa da tasha. A sauran wurare raba gona biyu kawai yake yi.

Tsaro ba ya buƙatar dogon bayani. Gonaki sun faɗi warwas a sassan Birnin Gwari da Zamfara da yammacin Katsina saboda masu su ba sa iya zuwa. Gonar da ba ka iya kwana kusa da ita ba araha ba ce ko nawa aka sallama.

Ɓangaren dillali

Kuskuren da ya fi yawa a talla shi ne ɗaukar masu saye duk ɗaya ne. Mai neman noman rani ruwa yake tambaya, shi ya sa gona a yankin Kadawa da Kura da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke bi, take da nata farashin daban. Mai gidan kaji hanya da wuta da nisan kasuwa yake dubawa. Ma'aikacin da ke son ajiye kuɗi yana son ya san ta ina gari ke tahowa. Ɗan gida mazaunin ƙasar waje da ke turo kuɗi daga Saudiyya ko Ingila kuwa ba abin da ya dame shi kamar takarda, domin ya sha jin labarin waɗanda 'yan'uwansu suka nuna wa hoton filin wani. Talla ɗaya ba za ta kama mutum huɗun nan ba.

Talla mai kyau tana faɗin awo da lamba. "Gona babba" ba awo ba ne. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, eka kuma kusan 4,047, wato hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, kuma ana yawan cakuɗa su, wani lokaci da gangan. A faɗi kilomita nawa daga kwalta, a faɗi irin takardar da ke akwai da sunanta, a tura alamar wurin ta taswirar waya. A ɗauki bidiyo tun daga inda aka sauka daga titi har cikin gonar ba tare da yankewa ba, don mai kallo ya ga ramukan hanyar da idonsa. Sannan a faɗi aibin. Dillalai da yawa na ganin wannan wauta ce, ni kuwa ina ganin ita ce dabarar da ta fi ci. Wanda aka gaya wa "mota ba ta shiga a Agusta, shi ya sa farashin ya sauka" in ya zo, ya zo da niyyar saye. Wanda aka ɓoye wa zai ƙona mai ya zo, ya gani, ya juya, ya kuma gaya wa abokansa. Ballantana a shari'a ɓoye aibi na ba mai saye damar warware ciniki.

Sarƙar dillalai ita ce ke kashe araha. Mai gona ya ce miliyan uku, na farko ya ce uku da rabi, kafin ta iso birni ta zama biyar, kuma babu ɗayansu da ya taɓa taka wurin. Dillalin da ke son ya daɗe a sana'a yana karɓar izini a rubuce daga mai gonar, a yanka la'ada tun farko, wadda a wurare da yawa kashi 5 cikin 100 ce, a kuma faɗi wanda zai biya. Ranar ciniki ya haɗa mai saye da mai sayarwa ido da ido, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, har a sallama a gaban shaidu. Kawo abokin da zai yi tayin ƙarya don a zuga farashi kuwa najashi ne, Musulunci ya hana.

Masu sayen gona su yanka fuloti suna da nasu lissafin da ya kan ruɗe su. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 murabba'in mita 465 ne, saboda haka a takarda hekta na ba da 21. In aka cire kusan kashi 30 cikin 100 don tituna da magudanan ruwa da filin masallaci ko makaranta, abin da zai rage bai wuce 15 ba. Mai awon igiya ba ya son asarar fuloti shidan nan, sai ya bar lungun da ko motar kashe gobara ba ta shiga. Unguwannin gefen Kano da dama haka suka tashi, kuma mazaunansu ne ke biyan bashin duk damina. Wanda ya kai tsarinsa hukumar tsara birane, wato KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, aka amince zai jira, zai kashe kuɗi, amma fulotinsa na sayuwa da tsada, kuma mai saye na iya neman satifiket a kai.

Biyan kuɗi ya bi ta banki, zuwa asusun mai gonar da sunansa, ba na dillali ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biyan tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10, sannan masu harkar filaye na cikin waɗanda ake buƙatar su yi rajista da SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. In an ba da kafin alƙalami, a rubuta ranar cikawa da abin da zai faru in ɗaya ya fasa.

Bayan an saya ma da sauran aiki. Gonar da aka bari ba kowa, maƙwabta na cin iyakarta huɗa ɗaya duk shekara. Mafita ita ce a ba wani ɗan gari ya noma, amma da takardar aro ko haya da ake sabuntawa a gaban mai unguwa. Dalili kuwa shi ne hauzi: a fiƙihun Malikiyya, bare da ya riƙe ƙasa shekara 10 yana amfani da ita kamar tasa, mai ita na nan yana gani bai yi magana ba, da'awar mai ita na iya faɗuwa. Takardar aron ce ke nuna cewa da izini ya shiga, kuma ita alƙali zai nema idan 'ya'yan manomin suka tashi suka ce gonar ubansu ce.